Sauron Dengi Ya Fara Gagarar Maganin Feshi

Duk lokacin da zazzaɓin dengi ya ɓulla a gari, abin da jama'a suka fi nema daga hukuma shi ne feshi, domin motar da ke bin unguwanni tana turnuƙe tituna da hayaƙin magani ita ce shaidar da ido yake gani cewa ana aiki. A ganina, kafin a ware kuɗin feshi, ya kamata a fara tabbatar da cewa maganin yana kashe sauron da aka nufa, domin a ƙasashe da dama ya daina.

Sauron da ya fi yaɗa dengi shi ne wanda masana ke kira Aedes aegypti, baƙi mai fararen zane a ƙafafu, wanda yake cizo da rana, musamman da sassafe da kuma gab da magariba. Yawancin magungunan da ake fesa masa 'yan gidan pyrethroid ne, irin su permethrin da deltamethrin, kuma suna kashe shi ne ta hanyar rikita jijiyoyinsa har ya shanye. Sai dai a cikin dubban sauro akan sami 'yan ƙalilan da ƙwayoyin halittarsu suka ɗan sauya, ta yadda maganin ba ya kama jijiyar tasu, ko kuma jikinsu yana narkar da gubar kafin ta yi aiki. Feshi yana share raunana ya bar waɗannan, su kuwa su hayayyafa, kuma tun da sauro yana kammala girma daga ƙwai cikin kwana 7 zuwa 10, ba a ɗaukar shekaru masu yawa kafin jikokinsu su mamaye gari. Wani abin takaicin shi ne maganin ƙwari na DDT da aka yi ta amfani da shi tun shekarun 1940 yana kai hari ne wuri ɗaya da pyrethroid, saboda haka juriyar DDT ta share wa juriyar pyrethroid hanya.

A watan Disamban 2022, Shinji Kasai na cibiyar binciken cututtuka masu yaɗuwa ta Japan da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon da ya tayar wa masana hankali. Sun gano cewa akasarin sauron da suka tattaro a birnin Phnom Penh na Kambodiya yana ɗauke da sauye-sauyen halitta fiye da ɗaya a haɗe, kuma wani nau'insa yana jure permethrin ninki kusan 1,000 idan aka kwatanta da sauron da bai saba da magani ba. A Afirka ta Yamma ma an gano ire-iren waɗannan sauye-sauye a Ghana da Burkina Faso, ƙasar da dengi ya hallaka sama da mutum 600 a 2023, galibi a Wagadugu da Bobo-Dioulasso. A shekarar ce kuma aka tabbatar da ɓullarsa a Abeche ta Chadi da kuma jihar Sakkwato.

Gwajin da ake gane juriya da shi ba mai wahala ba ne. Ana zuba macen sauro a cikin wani bututu da aka shimfiɗa wa takarda mai magani, a bar su awa ɗaya, sannan a mayar da su bututu mai tsabta, a ba su ruwan sukari a auduga, a ƙirga matattu bayan awa 24. Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, idan waɗanda suka mutu ba su kai kashi 90 cikin 100 ba, juriya ta tabbata, sai a sauya zuwa wani gidan magani. Kuɗin wannan gwaji bai taka kara ya karya ba idan aka auna shi da kuɗin feshin gari guda.

Mu ma a gidaje muna da hannu a ciki, domin maganin gwangwani da na kunnawa da ake saye a kanti galibinsu pyrethroid ne, kuma idan ya ƙi ci, sai mutum ya ƙara yawan feshi, wani ma ya koma wa fiya-fiya, wadda haɗarinta ga yara ya fi na sauron kusa.

Akwai hanyoyin da juriyar ba ta shafa ba. A Yogyakarta ta Indonesiya an saki sauro mai ɗauke da ƙwayar Wolbachia, wadda ke hana ƙwayar cutar dengi yaɗuwa a jikinsa, kuma sakamakon da aka wallafa a 2021 ya nuna raguwar kamuwa da kashi 77 cikin 100. Kafin irin wannan ya iso garuruwanmu, abin da ke hannunmu shi ne randa da duro da tsofaffin tayoyin da ruwan sama ke kwanciya a ciki. Zubar da ruwan kaɗai bai wadatar ba, saboda macen tana manna ƙwanta a bangon mazubin, ɗan sama da bakin ruwa, inda yake iya yin watanni a bushe yana jiran a sake cikawa, don haka dole a goge cikin da soso duk mako, sannan a rufe bakin ruf.