Godiya ga waɗanda suka taya mu sabunta jagorar haɗa Performous da saita sautinsa

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Alhamdulillahi, aikin sabunta jagorar nan ya kammala. Ina nufin takardar da ɗan rukuninmu ke bi wajen haɗa wasan Performous daga tushensa, wato rubutun da masu shirya shi suka yi, da saita makirufo da sifika, don matasan da ke zuwa wurinmu su yi gasar rera waƙa a kwamfuta. Mutane sun ba da lokacinsu da datarsu, ba a biya kowa ko sisi ba, don haka bai dace a rufe aikin shiru ba. Ba zan kama suna ba, yawancinsu sun hana ni, amma kowa zai gane kansa.

Ga wanda bai san wasan ba: Performous buɗaɗɗiyar manhaja ce a ƙarƙashin lasisin GPL mai ba kowa damar amfani da ita da gyara ta, an rubuta ta da C++, kuma da sunan UltraStar-NG ta fara kafin a sauya mata suna. Kana rera waƙa a makirufo, baitoci na tafiya a allo, ita kuma tana auna tashi da saukar muryarka tana ba ka maki. Ba ruwanta da ko ka faɗi kalmomin daidai, karin muryar kawai take saurare. Tana karanta fayilolin waƙa na wasannin UltraStar da Frets on Fire da StepMania, saboda haka har jita da ganga da rawa ana yi da ita. Godiyarmu ta farko ga masu kula da ita take, mutanen da ba mu taɓa gani ba, suka ajiye aikinsu a shafin GitHub kyauta ga duk mai so.

Jagorarmu ta tsufa ne don abubuwan da ke ƙarƙashinta sun motsa. Wasan na dogara da wasu manhajoji da dama, irin su Boost da SDL2 da FFmpeg da PortAudio da Cairo da Pango, kuma CMake ne ke tsara haɗa su. Kowannensu da nasa tafiyar. FFmpeg 5.0 da ya fito a 2022 ya cire tsoffin hanyoyin kira da yawa, na 7.0 a 2024 ya ƙara cire wasu. CMake 4.0 na 2025 ya daina karɓar fayilolin da suka ce an rubuta su don sigar da ta gaza 3.5. Sunayen fakiti, wato ƙunshin manhajojin da ake girkawa, ma sukan canza daga wata sigar Linux zuwa wata. Sai ka ga mutum ya kwafi umarni daga takardarmu, baƙin allo ya cika da jan rubutu, ya ɗauka shi ne bai iya ba, ya haƙura.

Wannan ɓangaren wani ƙanenmu mai karatun kimiyyar kwamfuta ne ya ɗauke mana. Abin da ya yi ya burge ni: bai gwada umarnin a kwamfutarsa da ta riga ta cika da kayan aiki ba, sabon tsari ya riƙa girkawa fes, ya bi takardar layi bayan layi kamar baƙo, duk inda ya tsaya ya rubuta dalili. A haka aka gano fakitin da muka daɗe muna da su a injinanmu har ba mu san ana bukatarsu ba. Shi ne kuma ya sa aka rubuta cewa mai laftof ɗin da ƙwaƙwalwarta ba ta wuce gigabayit 4 ba ya yi amfani da umarnin make -j2, wato ayyuka biyu kawai a lokaci guda, kada ya buɗe dukkan ƙarfin injin, domin haɗa C++ na cin ƙwaƙwalwa har kwamfuta ta sandare. Ƙanena, Allah ya yi maka albarka, ya sa ka gama karatu lafiya.

Amma gaskiya inda aka sha wuya sauti ne. Haɗa manhaja ko ta haɗu ko ba ta haɗu ba, kana gani da idonka. Sauti kuwa sai komai ya yi kamar yana aiki, alhali yaro na rera waƙa daidai wasan na hana shi maki.

A da, cikin manhajojin da ke sarrafa sauti a Linux, PulseAudio takardarmu ta sani. Yanzu PipeWire ne ke riƙe da sauti a yawancin injinan da ke hannunmu: cikin nau'o'in Linux, Fedora ta koma kansa tun siga ta 34 a 2021, Ubuntu ta bi a 22.10, Debian 12 ma da shi ta zo ga masu GNOME a 2023. Wasan kuma ta PortAudio yake magana da na'urori, shi PortAudio a Linux ta hanyoyin sauti na ALSA ko JACK yake bi, a Windows ta irin su WASAPI, a Mac ta Core Audio. Idan ba a girka ɗan fakitin da ke sada ALSA da PipeWire ba, makirufo na iya ɓacewa daga jerin gaba ɗaya. Yayanmu mai haɗa sauti a wuraren biki shi ya zauna da mu ya warware wannan. Bai san C++ ba, bai kuma damu ya sani ba, amma kunnensa ya fi duk na'urar da muke da ita. Ya sa aka tafa hannu sau ɗaya gaban makirufo, ya saurari lokacin da sautin ya dawo ta sifika, ya ce akwai jinkiri, a rage. Da aka duba, haka ne.

Saboda shi yanzu jagorar na da lissafin a fili. Idan kwamfuta na ɗaukar samfur (ɗan gutsuren sauti) 48000 cikin daƙiƙa, ma'ajin da sauti ke taruwa a ciki kafin ya wuce, mai ɗaukar samfur 256, yana jinkirta kusan milisakan 5, mai ɗaukar 1024 kuwa ya haura 21. In ka ƙanƙanta shi da yawa a tsohuwar kwamfuta, sauti ya riƙa tsinkewa yana ƙarar-ƙarar. In ka faɗaɗa, murya ta zo a makare. Sifikar Bluetooth kuma mun rubuta ɓaro-ɓaro a ajiye ta gefe, jinkirinta kan wuce milisakan 100, waya ta fi. Ya kuma nuna mana wata dabarar da yara suka riga mu ganowa: in ka kusantar da makirufo ga sifika, muryar mawaƙin da ke cikin waƙar ce ke shiga, maki na hawa kai kana tsaye baki rufe. An rubuta nisan da ya kamata a bari. Yaya, mun gode, Allah ya ƙara buɗi.

Makirufon wasan rera waƙa na SingStar, ja da shuɗi, waɗanda Sony ta yi wa PlayStation 2, har yanzu suna aiki da wasan, kuma akan tsince su cikin kayan gwanjo. Abin da ke rikita mutane shi ne kwamfuta na'ura ɗaya take gani, ba biyu ba, ɗaya makirufon a tashar hagu, ɗaya a dama. Wani bawan Allah daga Maraɗi ne ya aiko da hotunan allo dalla-dalla na yadda ya raba su, alhali datarsa ta kusa ƙarewa. Masu Mac da Windows kuma, wata 'yar'uwarmu ta tuna mana cewa sai an ba manhaja izinin makirufo a saitin sirri, in ba haka ba shiru za ka ji, babu ko saƙon kuskure.

Sai Malama, wadda ta karanta takardar duka da jan biro. Ba harkar kwamfuta take yi ba, shi ya sa gyaranta ya fi na kowa amfani. Duk inda muka rubuta "sai kawai ka yi kaza" ta ja layi ta tambaya: a ina, da wane maɓalli? Ita ta lura cewa ƙ da ɗ da ɓ na fitowa a hargitse cikin baitocin Hausa da yara suka shigar da kansu. Yanzu akwai sashe guda a kan adana fayil da tsarin haruffa na UTF-8, da bayanin layukan #BPM da #GAP masu daidaita baiti da kiɗa. Malama, Allah ya saka da alheri, ya raya zuri'a.

Ina kuma gode wa mai shagon gyaran waya da ya bar mu muka jona a solarsa duk ranar da aka ɗauke wuta, da iyayen da suka yi haƙuri da hayaniyar gwaji.

Sashen Windows bai kai na Linux ƙarfi ba, masu gwada shi kaɗan ne. Wanda ya bi jagorar ya maƙale, ya turo mana sunan tsarin da yake kai da sigarsa, irin makirufonsa, da saƙon kuskuren yadda ya fito, kada ya taƙaita shi da bakinsa. Allah ya bar zumunci, ya saka wa kowa da mafificin alheri.