Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Datar Dare

Yau dole in taɓo maganar Sadiku ɗan Baffa, tunda har a bikin Zainabu na jiyo Gwaggo tana faɗi ƙasa-ƙasa wai ni na saya masa wayar da ta kashe masa karatu.

E, ni na saya. Da kuɗin da na tara ina koyar da yaran unguwa lokacin yajin aikin ASUU na 2020, wanda ya haɗu da kullen korona muka share wata tara a gida. Kuma duk wanda ya shiga ajin likitanci ya san ba waya ba karatu. Malami ya gama lacca ya tura darasin a guruf ɗin WhatsApp, tsofaffin tambayoyin jarrabawa suna can, bidiyon anatomi, wato ilimin sassan jikin mutum, yana YouTube. To da me zai yi karatun, Gwaggo? Da allo?

Baffa kuwa alfahari yake yi a lokacin. In ya ga Sadiku kwance a zaure fuskarsa cikin waya, sai ya juya ga baƙi ya ce, "Ai ɗalibin likita ko kwance yake karatu yake yi." Har dillalan kasuwar hatsi sun haddace wannan magana.

Ni da nake ɗaki ɗaya da shi a hostel na san irin karatun. Sha biyun dare na bugawa zai sayi datar dare mai arha, ya shige gidan sauro. Littafin anatomi a buɗe a gefensa, shafin jijiyoyin hammata, har da tabon man ƙosai a kai. Sati guda shafin bai juyu ba. TikTok, daga nan ƙwallon Ingila, daga nan musu da mutanen da bai taɓa gani ba. Da gwamnati ta rufe Twitter a watan Yunin 2021, kafin gari ya waye ya saka VPN, manhajar da ake zagaye rufewar da ita. In na yi magana ya ce, "Yaya, minti biyar." Kiran assalatu ke raba shi da wayar. Da safe a ɗakin fiɗa, ga warin fomalin yana sa ido hawaye, shi gyangyaɗi yake a tsaye, yana ta lalubar aljihu wai ya ji wayar ta motsa, alhali tana wurin mai caji.

Sai da na kai zagayen ɓangaren masu taɓin hankali, bayan shekaru, aka raba mana tambayoyi 20 na Kimberly Young, gwajin kamuwa da intanet da ta fitar a 1998. Kana ɓoye wa mutane tsawon lokacin da kake yi? Kana rasa barci? Ajin ya ɗauki dariya, irin ta wanda aka taka wa sawu. Ni Sadiku nake gani a kowane layi. A ranar malamin ya gaya mana Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasannin bidiyo cikin jerin cututtuka tun 2019.

Sau nawa na je na sami Baffa kafin babbar jarrabawar anatomi, fisiyoloji da bayokemistiri? Na durƙusa na ce, "Baffa, a karɓi wayar nan da daddare." Ya dube ni ya ce ɗalibin likita ko kwance yake karatu yake yi, ya ƙara da cewa hassada ba ta yi wa ɗan'uwa kyau. Inna tana tsakar gida, ta ji da kunnenta, tana raye, a tambaye ta.

Ranar da aka liƙa sakamako, da abin da Baffa ya aiko a faɗa wa Inna, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.