Dandamalin katako: an zuba kankare, ginshiƙai sun tsaya

Salamu alaikum abokan koyo. Ga inda aka kwana a aikin dandamalin katakon da nake haɗawa a farfajiyar gidanmu, nan kusa da Williamsburg a jihar Virginia ta Amurka. Takardar izini ta fito daga ofishin gunduma, kuma kafin in taɓa shebur na kira 811, lambar wayar da ake kira a nan kafin a haƙa ƙasa, ma'aikata suka zo suka shata inda bututun gas da wayoyin lantarki suka bi ta ƙarƙashin ƙasa. Kyauta ne, kada wanda ya tsallake shi.

Ramuka sun haƙu, mai duba gini ya zo ya leƙa, na zuba kankare. A nan sanyi bai cika daskarar da ƙasa can ciki ba, don haka ramin bai kai zurfin na masu zama Minnesota ba, waɗanda sai sun nutsa inci 42 ko fiye. Abin da na fi so mu tsaya a kai shi ne ƙafar ginshiƙi. Wani maƙwabcina ya ce in jefa ginshiƙan cikin rami in bi su da siminti, wai ya fi sauri. Na ƙi. Kowane ginshiƙi na ɗora shi bisa mariƙin ƙarfe da aka ɗaure a kan kankaren, yadda katako ba zai taɓa ƙasa ba, ruwa kuma ba zai kwanta a gindinsa ba.

Hujjata tana nan Jamestown, tafiyar ƴan mintoci daga gidanmu. Turawan Ingila sun sauka can a 1607, a ƙasar mutanen Powhatan, bakin kogin James. Su da waɗanda suka biyo bayansu yawanci haka suka riƙa gini: a haƙa rami, a kafa itace, a yi jinka ko rufin katako. Ƙarfinsu da kuɗinsu duk sun tafi ga noman taba, wadda John Rolfe ya fara gwadawa a 1612, gida kuwa na wucin gadi ne. Danshin wannan yanki da gara suka cinye gidajen daga gindi, har ya zama kusan babu na katako ko ɗaya daga farkon wancan zamani da ya rage a tsaye. Da masanin tonon kayan tarihi William Kelso da tawagarsa suka fara tono a wurin a 1994, abin da ya nuna musu inda katangar sansanin Turawan take shi ne baƙaƙen tabo a cikin ƙasa, gurbin itacen da ya ruɓe. Ƙasar da ta ci nasu ita ce dai nake gini a kai.

To, wani zai ce ai katakon yanzu an dafa shi da magani. Gaskiya ne, amma duk inda ka sa zarto ka yanke, ka buɗe cikin da maganin bai ratsa sosai ba. Sai ka shafe bakin yankan da maganin kare katako. Sannan maganin yanzu jan ƙarfe ya yi yawa a cikinsa, yana cin ƙusa ta gama-gari da tsatsa. A nemi ƙusa da noti masu kaurin rufin tutiya, ko na ƙarfen da ba ya tsatsa, ko da sun fi tsada.

Babban katakon da ke riƙe dandamalin a jikin bango ma ya hau. Da noti mai kaurin rabin inci na ɗaure shi, ba ƙusa ba, na kuma lulluɓe samansa da siririn kwano don kada ruwan sama ya shiga tsakaninsa da bango. Yawancin dandamalin da ke ruftawa da mutane daga nan suke ɓallewa.

Saura jera katakan ƙasa, tazarar inci 16 tsakaninsu, sai falankin da za a taka. Falankan nawa sun zo jiƙe sharkaf, don haka manne da juna zan jera su, in sun bushe za su ja da kansu su bar ƙofar ruwa. Tunda tsayin dandamalin ya haura inci 30, dole in yi masa shinge mai tsayin inci 36, tazarar sandunansa kuma ƙasa da inci 4 saboda yara. Wanda ya taɓa yanka matakala a cikinku ya taimaka mini da yadda yake fitar da awon, don ita ce ke gabana.