Daren da hitar ɗakin kwana ta ƙi kamawa a Brandon

Wanda bai taɓa kwana cikin kan tirela a Manitoba a watan Janairu ba, da wuya ya san darajar 'yar hitar nan da ke ƙarƙashin gadon direba. Ba ta fi babban burodi girma ba. Dizal take sha daga tankin mota, lita 2 zuwa 3 sun kai ta safiya, alhali injin tirela idan aka bar shi yana aiki a tsaye sai ya sha wajen lita 3 duk awa.

A Brandon ta yi mini tutsu, kan hanyar Winnipeg zuwa Regina, sanyi ya kai digiri 30 ƙasa da sifili. Na danna maɓalli, fanka ta taso, famfon mai ya fara tak, tak, tak ɗinsa. Sai farin hayaki ya turnuƙe daga ƙarƙashin mota, ta mutu. Na yi ta maimaitawa har kwamfutarta ta kulle kanta, domin haka aka ƙera su, kada mai ya taru a ciki. Daren nan da inji a kunne na kwana.

A Regina na sayi sabon fulogin zafi, wanda ke yin jajur ya kunna man, na ɗaura. Ba abin da ya canja. Nan na kira wani dattijo mutumin Damagaram da ya daɗe yana gyaran manyan motoci a Winnipeg.

Na ce, "Baba, na canja fulogi, har yanzu shiru."

Ya ce, "Ɗana, bar zancen fulogi tukuna. Faɗa mini abin da kunnenka ya ji da abin da idonka ya gani, bi da bi."

Da na gama, ya ce farin hayaki dizal ne da ya ji zafi bai ƙone ba. Ke nan mai yana isowa, famfo lafiya lau, man bai daskare a tiyo ba. Saura abu uku: wutar batir, iska, da inda man ke kamawa.

Wutar ce ta fi ba ni mamaki. A kan batir mitar awon wuta ta nuna volt 12.6, na ɗauka magana ta ƙare. Baba ya ce in auna a soket ɗin hitar kanta, daidai lokacin da take ƙoƙarin tashi, don a nan ne fulogi ke jan wuta da ƙarfi. Ina aunawa sai ga ta ta gangaro wajen 11. Na bi waya har ƙarƙashin mota, na tarar da mahaɗa guda ta yi kore shar, gishirin da ake watsawa a titi saboda ƙanƙara ya ci ta. Na yanke, na sa sabuwa. Bakin salansar hitar kuma rabinsa laka ce da ƙanƙara, na zungure shi.

Ta kama, amma da tari da hayaki, minti kaɗan ta sake mutuwa. Dole na kwance ta na ɗora a kan tebur. A ramin da fulogi ke zama akwai wata 'yar raga ta ƙarfe, ba ta kai ɗan yatsa ba, ita ke riƙe dizal ta baza shi ya zama tururi kafin ya kama. Tawa ta toshe baƙi ƙirin. Ranar da na canja fulogi tana nan a gabana ban duba ta ba, ga shi kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Ɗakin ƙona man kuwa kunkunniya ta daskare a ciki kamar ƙanzon tukunya.

Na san inda ta samo asali. Kullum a ƙaramar wuta nake barin ta ta kwana, wai ina tattalin mai, kuma duk watannin zafi ban kunna ta ko sau ɗaya ba. Ƙaramar wuta ba ta ƙone man sarai, ragowar ke taruwa kaɗan-kaɗan.

Na kankare, na busa da iska, na sa sabuwar raga da sabbin gaskit. Tsohon gaskit ba na mayar da shi ko da ya yi kyau a ido, domin shi ne tsakanin hayaƙin ƙonuwa da iskar da mutum ke shaƙa yana barci, kuma gubar da ke ciki ba ta da wari. Ranar na sayi na'urar da ke ƙara idan gubar ta taru, na manna kusa da matashina.

Da na mayar da ita sai a tashi na biyu ta kama, saboda iskar da ta shiga tiyo. Na tsoma tiyon a galan ɗin kananzir, na bar ta a babbar wuta rabin awa har salansa ta daina hayaki. Wajen kashewa ma Baba ya ja mini kunne: a maɓallinta ake kashe ta, a bar fanka ta huce ta, kada a yanke mata batir tana da zafi.

Yanzu duk wata, ko a Yuli, sai na ba ta minti 20 a babbar wuta. Ba na kwanciya tanki na ƙasa da kwata, don bututun da take zuƙar mai bai kai gindin tanki ba. A akwatin kayan aikina akwai raga biyu, gaskit, fis, da tsohon fulogin nan, wanda Baba ya gwada ya ce lafiyarsa ƙalau.