Kafin ka zauna gaban masu intabiyu

Ɗan ƙanwata aka kira intabiyu a wani kamfani, ya zo yana gaya mini cikin murna. Na yi masa barka, sannan na tambaye shi me kamfanin ke yi. Ya ɗan yi jim, ya ce, "Kawu, harkar kasuwanci dai suke yi." Na ce to muƙamin da suka tallata fa, me ake so mai shi ya riƙa yi kullum? Sai ya zaro waya ya nuna mini amsoshin da ya sa ChatGPT ta rubuta masa, wai zai haddace su kafin ranar. Ya ƙara da cewa ai sakamakonsa mai kyau ne, da wuya su samu wanda ya fi shi. Nan gabana ya faɗi, domin wannan magana ta ƙarshe da bakina na taɓa yin ta, kuma na san inda ta kai ni.

Na gama karatu da sakamakon da ake nuna ni da shi. Malamai sun yaba, a gida an yaba, har na yarda cewa duk wanda ya ga takarduna ba zai tsaya wata tambaya ba. Da wata babbar ma'aikata ta kira ni, aikin da na daɗe ina roƙon Allah ya ba ni, shirin da na yi bai wuce guga da goge takalmi ba. Ko sanarwar aikin ban sake dubawa ba tun ranar da na aika takarduna. Na shiga ɗakin na tarar da su a jere bayan tebur, kowa da takarda da alƙalami a gabansa. Wata mata ce ke jagorantar zaman. Ta ce in gabatar da kaina. Na faro tun daga firamare, ina lissafa kyaututtukan da na ci, har na lura ɗayansu ya ajiye alƙalaminsa. A lokacin na ɗauka burge shi na yi.

Sai ta ce in ba su labarin wani lokaci da na yi aiki tare da wasu, aka samu saɓani, da yadda na yi da shi. Na ce ni mutum ne mai haƙuri, ina zaman lafiya da kowa. Ta ce ta ji, amma a yaushe, me ya faru, me na yi? Na sake maimaita haƙurin nan da wasu kalmomi. Abin da ke ci mini rai har yau shi ne ina da labarin. A shekarar ƙarshe ta karatu, ɗaya daga cikin 'yan rukuninmu ya yi watsi da kasonsa na aikin bincike, saura kaɗan rukunin ya watse, ni na je na same shi, na gano rashin lafiyar mahaifinsa ce ta ɗauke masa hankali, muka sake raba aikin, muka miƙa a kan lokaci. Wannan shi ne abin da matar ke nema. A hanyar komawa gida ya faɗo mini.

Da suka tambaye ni me na sani game da ma'aikatar, na ce babba ce kuma tana da suna. Da suka tambayi dalilin da ya sa nake son barin ɗan aikin da nake riƙe da shi, na buɗe baki na zazzage musu laifin shugabana: ba ya biya a kan lokaci, ba ya ganin ƙoƙarin mutum, yana da son kai. Kuma wallahi duk gaskiya na faɗa. Har yanzu ban ga abin da na ƙara wa mutumin nan ba. A ƙarshe suka ce ko ina da tambaya. Na ce babu.

To amma a yi mini adalci. A zamaninmu babu intanet a aljihu. Idan kana son sanin wata ma'aikata sai ka nemi wanda ke aiki a ciki, ni kuwa ban san kowa ba. Babu malamin da ya taɓa zaunar da mu ya ce ga yadda ake intabiyu, an koya mana cin jarrabawa ne kawai, muka ci. Daga baya ma na ji ana raɗe-raɗin cewa wanda aka ɗauka yana da hanya a ciki. Na riƙe wannan magana shekaru ina jinyar zuciyata da ita, kuma ba zan ce ƙarya ce ba, domin ana yin haka. Sai dai ko da ɗakin nan babu ɗan kowa, ban ba su abin da za su ɗauke ni a kansa ba. Na san wannan. Wani lokaci kuma in na tuna yadda na sha wahalar neman aiki bayan nan, sai in ji ai su ma da sun yi haƙuri da yaro, da sun ga akwai abu a tattare da shi. Da na sani ƙeya ce.

Ban gane abin da ya faru da ni sosai ba sai da girma ya zo, aka fara sa ni cikin masu yi wa wasu intabiyu. Takardar nan da ke gaban kowa, tambayoyi ne iri ɗaya da za a yi wa duk wanda ya shigo, kowace da makinta, da gurbin rubuta hujjar da ta sa ka ba da makin. Wanda ya ce "ni mai haƙuri ne" bai ba ka abin rubutawa ba, ko da kana sonsa. Ba don mugunta aka tsara abin haka ba. A 1998 wasu masana biyu a Amurka, Frank Schmidt da John Hunter, sun tattara binciken shekara 85 kan hanyoyin ɗaukar ma'aikata, suka nuna cewa intabiyu mai tsararrun tambayoyi ta fi hirar kara-zube nuna wanda zai iya aikin. Sakamakonka kuwa ya gama amfaninsa tun da aka kira ka. Duk waɗanda ke zaune a waje suna jiran layi, da irinsa suka zo.

Na so in jero muku shawarwari masu yawa, amma da na zauna sai na ga ba su da yawa.

Ka karanta sanarwar aikin layi-layi. Duk abin da suka ce suna nema, ka nemo wani abu da ya taɓa faruwa da kai wanda ke nuna kana da shi: halin da aka shiga, abin da aka ɗora maka, abin da kai ka yi, da yadda aka ƙare. Kai, ba "mu" ba. Idan ba ka taɓa aikin albashi ba, ka ɗauko daga makaranta ko aikin sa-kai. Sannan ka san wurin da za ka: me suke sayarwa, su wa suke yi wa hidima, da wa suke gogayya. A nan ne nake rasa haƙuri da ku. Shafinsu na hannunku, LinkedIn, dandalin ma'aikata da masu neman aiki, na nan tun 2003, amma yaro zai kwana yana kallon bidiyo a waya ya kasa ba da rabin sa'a ga wurin da yake so ya ci abinci. Mu rashi ne ya hana mu, ku fa?

Kada ka haddace amsa. Mai hadda ana gane shi tun jimlar farko, idonsa na sama yana laluben layin da ya ɓace, kuma tambaya ɗaya ta "ba mu misali" ta isa ta rushe shi. Tun da ChatGPT ta fito a ƙarshen 2022 amsoshin matasa suka koma kamar uwa ɗaya ta haife su. Amma kuma gabatar da kai, wannan ka maimaita ta da ƙarfi har ta zauna maka, kada ta wuce minti biyu, ta ƙare a kan dalilin da ya sa wannan aikin ya dace da kai. In ka ce ai wannan ma hadda ce, to hadda ce, ka yi ta.

Kada ka zagi inda ka baro, ko da sun cuce ka. Mai sauraronka ba ya wurin lokacin da aka cuce ka, abin da yake ji kawai shi ne yadda za ka yi maganarsa gobe. Ba na ce ka yi ƙarya ba. Ka ce kana neman inda za ka ƙara koyo, ka tsaya nan.

In ta bidiyo ce, kamar yadda ta yawaita tun annobar korona a 2020, ka gwada kyamara da sauti da caji tun kafin lokaci, ka zauna a kujera, ba a kan gado ba. Na ga wanda ya shiga intabiyu yana tafe a titi. Ban san me zan ce da irin wannan ba.

Maganar albashi, kada ka fara tayar da ita. In sun tayar, kada ka ce "duk abin da kuka bayar", ka bincika abin da ake biyan irin muƙamin tun a gida, ka faɗi tsakanin kaza da kaza. Kuma in aka ce kana da tambaya, ka kasance da ita. Ka tambaye su me suke so wanda suka ɗauka ya cim ma a watanninsa na farko, ka yi shiru ka saurari amsar da kyau, domin in akwai zagaye na biyu, a kanta za su tsare ka.