Lambar mota da ta gyara mini darasi

Na yi shekaru ina koyar da lissafi a wata sakandare a cikin birnin Kano, kuma duk shekara idan muka iso darasin ƙidayar hanyoyin jera abubuwa, misali ɗaya nake ɗauka, wato lambar mota. Dalilina shi ne babu yaron da bai san ta ba. Wanda ya fito daga Gyaɗi-Gyaɗi ko Kurna da safe ya ga ɗaruruwa kafin ya iso aji, musamman idan cunkoso ya riƙe shi a Dangi ko Ƙofar Nassarawa.

Tsarin da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fito da shi a 2011 shi ne haruffa uku a gaba, alƙaluma uku a tsakiya, haruffa biyu a ƙarshe. Kafin nan haruffa biyun ne a gaba, ukun a baya. Sai in zana gurabe takwas a allo in ce wa yara: mota nawa za a iya ba wa lamba ba tare da biyu sun yi karo ba?

Kuskuren farko na san shi tun kafin a yi shi. Yaro zai ce haruffa biyun ƙarshe 26 da 26 ne, saboda haka 52. A nan nake ajiye alli in tambaye shi kayan Sallarsa. Idan kana da riga uku da hula huɗu, shiga nawa za ka iya yi? Zai ce bakwai, sai in sa shi ya lissafa da baki: farar riga da hula ta farko, farar riga da ta biyu, har ya kai 12 da kansa. Kowace riga tana tafiya da kowace hula. Haka ma kowane harafi na farko yana tafiya da duk 26 na biyu, shi ya sa 26 sau 26, wato 676.

Kuskure na biyu na masu ƙoƙari ne, waɗanda suka haddace ƙa'ida don WAEC. Su 26 sau 25 suke yi su samu 650, saboda an koya musu cewa abin da ka ɗauka ya fita daga cikin sauran. Wannan gaskiya ne idan kana zaɓen monita da mataimakinsa, mutum ɗaya ba zai riƙe duka biyun ba. Amma harafi ba ya ƙarewa, kuma lambobi masu AA a ƙarshe suna nan a titi. Bambancin 26 da ke tsakanin 676 da 650 daidai yake da AA, BB, har zuwa ZZ. (Wata yarinya ta taɓa tambayata me ya sa ba ma ƙirga ƙ da ɗ da ɓ. Na ce mata lambar mota da haruffan Turanci ake buga ta, shi ya sa akwai P da V da X da ba ma amfani da su a rubutun Hausa na yau da kullum, babu kuma masu lanƙwasa.)

Daga nan sai in haɗa komai: 26 sau 26 sau 26 na haruffa ukun gaba ya ba da 17,576, alƙaluma uku daga 000 zuwa 999 guda 1,000 ne, sai 676 ɗin nan. Amsa 11,881,376,000. Fiye da biliyan 11, ya zarce yawan mutanen duniya. Ina son wannan lokacin, domin aji yakan yi tsit, wani ya ce "Kai!", ni kuma in ji daɗi kamar ni na ƙirƙiro lambar.

Shekara uku ina yin haka kafin wani yaro a layin baya ya ɗaga hannu. Ba ya cikin waɗanda nake kira idan baƙo ya shigo aji. Bayan an tashi makaranta garejin yayansa yake wucewa a wajen Ƙofar Ruwa, kuma sau da yawa da baƙin mai a farcensa yake zuwa.

"Malam, ai haruffan farkon nan ba kowanne ake sawa ba. KMC Birni ce, FGE Fagge, DAL Dala, NSR Nassarawa, TRN Tarauni. Ni ban taɓa ganin mota mai ZZZ ba."

Na san wannan. Motata ma a waje take da GWL a jikinta, kuma na san Gwale ake nufi. Abin da ya ba ni kunya shi ne ban taɓa kawo abin da na sani a titi cikin abin da nake rubutawa a allo ba. Na ɗauki tambayar yadda littafi ya tsara ta, guraben haruffa biyar da na alƙaluma uku, na ninka, alhali gurabe ukun farko ba su da 'yanci. Sunan ƙaramar hukumar da aka yi wa motar rajista ne. Na ce masa, "Zo nan ka gyara mana."

Abin da ya fito a allo ya yi ƙasa sosai. Kowace alamar ƙaramar hukuma tana da 1,000 sau 676, wato 676,000, idan kuma aka cire 000 ta koma 999 sau 676, wato 675,324. Kano na da ƙananan hukumomi 44, saboda haka da alama ɗaya ga kowacce, iyakar abin da jihar za ta samu shi ne 29,744,000. Ko an haɗa duk 774 na Najeriya, 523,224,000 ne, bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na biliyoyin da nake burge yara da su ba. Ninkawata daidai take, ba a kama ni da kuskuren alƙalami ba. Abin da na ƙirga ne ba shi ne abin da ke kan titi ba.

Ko miliyan 29 ɗin ma da sauran magana, domin ba a raba motoci daidai tsakanin ƙananan hukumomi. Ta cikin birni na iya cinye rabonta tun ta ƙauye ba ta taɓa rabin nata ba, kuma rarar Tsanyawa ba za ta yi wa Fagge amfani ba tunda alamar daban ce. Wani daga gefe ya jefo cewa 'yan Kano ai lambar Abuja suke so. Yaron garejin ya juya ya ce masa ABJ ɗin da ake yanga da ita ma ta ƙaramar hukumar Abaji ce, ba ta cikin garin Abuja ba, aji ya fashe da dariya.

Yanzu na canza yadda nake fara darasin. Kwana ɗaya kafin nan ina sa kowa ya rubuto lambobi goma da ya gani a hanyar gida, na mota, ba na Adaidaita Sahu ko babur ba, don kada tsari ya cakuɗe. Washegari mu jera su a allo, in tambaya wane gurbi ne yake canzawa yadda ya ga dama, wanne ne yake maimaita kansa. Ba na barin kowa ya taɓa kalkuleta sai mun gama wannan.

A ƙarshen waccan ranar yaron ya tsaya bayan an fita, ya ce, "Malam, to idan KMC ta cika fa?" Na ce ya gwada ƙara gurbi ɗaya ya gani. Ya ƙara alƙalami, ya samu 6,760,000. Ya goge, ya ƙara harafi, ya samu 17,576,000. Ya ɗan tsaya yana kallon allon, ya ce idan shi ne harafi zai ƙara, sannan ya ɗauki jakarsa, wai akwai motar da suka bari a kan jak tun jiya.