Sifaniyancin da na koya a teburin cin abinci

Wata shida na yi a Granada, can kudancin Sifaniya, ina karatun Sifaniyanci a cibiyar harsuna ta jami'ar garin, Centro de Lenguas Modernas, kuma maimakon in kama ɗaki da sauran ɗalibai sai na zaɓi a haɗa ni da iyali. Aka kai ni gidan wata dattijuwa da mijinta ya rasu, tana zaune da 'yarta da jikanta ɗan shekara 9 a unguwar Realejo, daga gidan zuwa aji ko minti goma ba a yi a ƙafa.

Ranar da na sauka ta yi wainar ƙwai da dankalin turawa, tortilla suke ce mata. Na ci kaɗan, ta ce in ƙara, na ce na ƙoshi, irin ƙoshin nan namu na kara da kake jira a sake yi maka tayi sau biyu ko uku. Ai kuwa ta ɗauke farantin. Gashi su abincin rana wajen ƙarfe 2 ne zuwa 3, na dare kuma sai 9 ta wuce, wani lokacin har 10. Ba rowa ta yi min ba fa, maganata ta ɗauka yadda na faɗe ta, kuma a wajensu girmamawa kenan. Wannan abin ya fi subjuntivo, wani ɓangare mai wuya na nahawun Sifaniyanci, ba ni wahala, don kunyar da aka raine ni da ita a gida ado ce, amma su can ba su gane ta, gani suke ko ba ka so ko kana ɓoye wani abu.

Inda abin ya fito fili shi ne maganar alade. Na rubuta a fom cewa ba na ci, ta kuma kiyaye, sai dai ita a lissafinta jamón, wato busasshiyar cinyar alade, ne kawai alade, 'yan yankan chorizo, tsiran naman alade, da take jefawa a tukunyar lentejas, wani irin ƙananan wake, ɗanɗano ne ba nama ba. Kwana biyu ina cin burodi ina cewa cikina ne ba daɗi, har na ga fuskarta ta canza, ashe ta zaci girkinta ne bai yi min ba. Da dare na zauna na haɗa jimla uku a takarda na haddace, da safe na faɗa mata murya na rawa. Ta riƙe hannuna ta ce hija, wato 'yata, me ya hana ki faɗa tun ranar farko? Daga nan ita da kanta take duba bayan kwali a kanti tana neman kalmar manteca, wato kitsen alade, da Kirsimeti ya zo kuwa sai da ta nemo min mantecados, wani irin biskit nasu, na man zaitun saboda na asalin da kitsen alade ake yin su. Wallahi ban taɓa manta wannan ba.

Aji ya ba ni nahawu, ba na raina shi. Amma bakina a sobremesa ya buɗe, wato zaman hirar da ake yi bayan an gama ci ba wanda ya tashi, awa guda ana magana kowa na katse kowa, da farko na zaci faɗa suke. Mutanen Granada kuma haɗiye harufa suke, garin nasu ma Graná suke ce masa, más o menos ya koma ma o meno, cansado ya koma cansao, abin da malama ta rubuta a allo daban abin da kunnena ke ji daban. Yaron gidan ne babban malamina, shi ba ruwansa da kara, in na yi kuskure take zai gyara min.

Na daɗe ina ce wa dattijuwar usted, kalmar girmamawa irin "ku" namu, ta ce tsufar da ita nake, in ce tú, wato "ke", in kira sunanta kawai. Ni kuma bakina ya ƙi kiran sunan sa'ar kakata gatsau. Sai muka tsaya a kan abuela, wato kaka, kamar yadda jikan ke kiranta.

Wata rana ta ce ojalá, wato Allah ya sa, a yi ruwa gobe, na ce mata abuela kin san sunan Allah ne a cikin kalmar nan? Muka shiga lissafi, azúcar sukari, aceituna zaitun, alcalde da alƙalinmu kuwa su biyun daga al-qadi na Larabci suka fito, ko da yake nasu shugaban gari ne. Ta san Musulmi sun mulki garin har 1492, kullum tana ganin Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi, a saman tudu, amma ba ta taɓa zaton harshen wata yarinya daga Kano zai haɗu da nata a kalma ɗaya ba. Juma'ar da ta biyo baya ta ce za ta raka ni masallacin unguwar Albaicín wanda aka buɗe a 2003, muka hau tudun nan a hankali saboda gwiwarta, ta zauna a lambun masallacin tana kallon Alhambra har na idar.

Har yau duk Lahadi sai ta turo min saƙon murya a WhatsApp, kuma tambayarta ta farko ba ta canzawa, hija, ¿has comido?, wato kin ci abinci?